Ganga bakwai, murya ɗaya: yadda aikin bana ke tafiya

1 Disamba 2024

Jiya da daddare muka gama tantance makaɗa, yau na wayi gari kunnena na ƙara. Na yi niyyar in riƙa rubuta yadda aikin bana ke tafiya, daga yau har ranar da za a rufe gasa. Sai dai dole in fara da ɗan bayani, domin duk wanda na ce wa ina koyar da kiɗan badujala a Amurka, faretin 'yan sanda ne ke faɗo masa a rai, ko macin 'yan makaranta na ranar 1 ga Oktoba.

Akwai kama, amma da nisa. Nan ƙungiyoyi ne masu zaman kansu na samari da 'yan mata, masu busa ƙaho, masu kiɗa, da masu wasa da tuta. Suna shiga filin ƙwallon Amurka su yi wasa na wajen minti goma sha ɗaya, suna kiɗa suna gudu suna zana siffofi da jikinsu, alƙalai na ba da maki. Hukumar da ke shirya gasar, DCI, tun 1972 take, kuma tun 2009 a filin Lucas Oil na birnin Indiyanafolis ake yin ƙarshen gasa, cikin watan Agusta. Da mutum ya wuce shekara ashirin da ɗaya zuwa da biyu, ya danganta da watan haihuwarsa, ya gama. Manyan ƙungiyoyi na cika mutum 165. Mu ba mu kai rabin haka ba, kuma a rukuni na biyu muke.

Sashenmu na kiɗa kashi biyu ne. Akwai masu ɗauka, waɗanda ke rataye da ganga suna tafiya da ita: masu ganga mai tsarkiya mutum bakwai, masu tena uku (kowannensu da jerin ganguna a gabansa, nauyin ya fi kilo goma sha biyar), da masu bas biyar. Sai kuma 'yan gaba, waɗanda ake ce wa 'yan rami, su ba sa motsi, suna bakin fili da marimba da bibrafon (kayan kiɗa masu jerin sanduna kamar kundun) da timfani (manyan ganguna masu kama da tukunya) da kayan lantarki. Ni aikina masu ɗauka ne, ƙarƙashin shugaban sashe, wanda a raina Oga nake ce masa.

Shekara uku ke nan a jere muna dawowa gida da magana guda: masu busa sun yi abin kirki, 'yan tuta ba laifi, sashen kiɗa ne ya ja mu ƙasa. Aikin bana shi ne a gano dalili a gyara. Abin da na faɗa a taron malamai jiya: hannun yaranmu bai kai ba. Ba su da sauri, ba su da ƙarfin wuyan hannu. In muka gina hannu, maki zai zo. Oga bai musa ba, bai kuma ce e ba.

2 Disamba 2024

Na manta ban rubuta wannan ba. Cikin masu tsarkiya bakwai na bara, biyu kacal suka dawo. Ɗaya shekaru sun fitar da shi, ɗaya ya ce kuɗin shiga ya fi ƙarfinsa, uku kuma sun tafi neman gurbi a manyan ƙungiyoyi. Ba na jin haushinsu, ni ma da ni ne haka zan yi. Amma mun zama kamar makarantar allo da ke kusa da tsangaya mai suna: mu koya wa yaro babbaƙu da farfaru, da ya fara iya ƙira'a sai ya ɗauki allonsa ya yi gaba.

19 Janairu 2025

Zaman atisaye na biyu, daga Juma'a da yamma zuwa yau Lahadi, a ɗakin motsa jiki na wata makarantar sakandare. A ƙasa ake kwana, kowa da katifarsa ta iska. Waje ƙanƙara ce har gwiwa.

Kusan awa shida muka yi a kan abu ɗaya: bugu takwas da hannun dama, takwas da hagu. Wanda bai san harkar ba zai ce ɓata lokaci ne. Ga dalili. Fatar da ake ɗaura wa ganga mai tsarkiya a nan ba fatar akuya ba ce, ba kuma roba ba. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 aka koma fata ta zaren Kevlar, irin wanda ake yin rigar sulke da shi, ana ɗaure ta tamau har ta zama kamar saman tebur. Sautin da take bayarwa gajere ne ƙwarai, "tak" kawai, ba jela. Gangar gida in ka doka, amonta na daɗewa, ya lulluɓe ɗan saɓanin da ke tsakaninka da na kusa da kai. Wannan kam ba ta rufa wa kowa asiri. In mutum bakwai suka sauko tare, sai ka rantse mutum ɗaya ne da ƙaton hannu. In ɗaya ya riga da ƙiftawar ido, sai ka ji "trak", kamar an taka busasshen kara. Su nan datti suke kiran wannan. Ni gardama nake ce masa, don haka yake shiga kunnena: sanduna na gardama.

Kuma gardamar ba daga lokaci kaɗai take zuwa ba. Tsayin da sanda ke tashi daga fata ma a aune yake, inci uku, shida, tara, sha biyu. In an ce inci uku, wani ya ɗaga biyar, sautinsa zai fito daban ko da sun faɗi tare. Hannun hagu ya fi ba mu wuya, domin riƙon gargajiya ake yi, sanda a kwance tsakanin babban yatsa da manuni, tafin hannu na kallon sama. Biyu cikin sababbin sun taso ne da riƙo iri ɗaya a hannu biyu, sai yanzu suke koyon wancan.

16 Fabrairu 2025

An raba rubutun kiɗan kashi na ɗaya da na biyu na wasanmu. Oga ya ba ni dama in rubuta wurin da masu ɗauka za su nuna kansu su kaɗai, ma'auni goma sha shida (ma'auni shi ne ɗan gida mai 'yan bugu da ake yanka rubutun kiɗa da shi) a tsakiyar kashi na uku. Karo na farko ke nan da wani abu da na rubuta zai shiga fili.

Na zuba duk abin da na sani a ciki. Filam (sanda ɗaya ta ɗan riga ɗaya sauka da gangan) a kan faradidil (salon dama-hagu-dama-dama), rol (bugu a jere ba yankewa) mai sauri da ke ratsa layin ma'auni, rabon bugu biyar a wurin huɗu, sannan masu bas su karɓe shi su gangaro da shi daga ƙaramar ganga zuwa babba kamar ana mirgino dutse. Gudun bugu 180 a minti. Da na kunna wa yara a kwamfuta sai da suka yi ihu. Oga ya saurara sau biyu, ya ce, "Kwamfuta ta kaɗa shi da kyau." Na gane inda ya dosa, na yi kamar ban gane ba.

Hujjata ita ce tsarin maki. Kafin 1984 alƙali kuskure yake ƙirgawa, kowane kuskure a zabtare wani abu. Yanzu ginawa ake yi daga ƙasa, kuma takardar alƙalin kiɗa gida biyu ce: maki goma na abin da aka rubuta, wato zurfinsa da wuyarsa, maki goma na yadda aka kaɗa shi. In ka rubuta abu mai sauƙi, ka rufe wa kanka ƙofa a gida na farko tun kafin a fara. Haka na lissafa.

16 Maris 2025

Atisaye cikin azumi. Da sauƙi, don yini bai yi tsawo ba tukuna, kuma masu dafa abinci sun ajiye mini kwano har faɗuwar rana ba tare da na roƙa ba.

Abin da ba sauƙi: mutum biyar cikin goma sha biyar ba su zo ba. Lokacin gasar cikin ɗaki ne ta hunturu, wadda ake kammalawa a Dayton ta jihar Ohayo a watan Afrilu, kuma kusan duk makaɗin kirki yana cikin wata ƙungiya a can. Ba yadda za ka gyara layin bas in mutum biyu ba sa nan. Su biyar waƙa ɗaya suke rabawa, kowa da nasa harafin. In na biyu da na huɗu ba su zo ba, sai ka ji magana da giɓi kamar rediyon da batir ya yi wa rauni. Na tsaya a wurin na biyu ina tafa hannu.

27 Afrilu 2025

Kowa ya zo. A tsaye cikin da'ira, rubutuna ya fita sau uku cikin goma ba gardama. Na yi murna ƙwarai. Hannu ya ƙaru, wannan ba shakka.

6 Yuni 2025

Babbar Sallah. Na kira gida, aka miƙa wa Kawu waya. Shi ya fara riƙa mini sanda ina ɗan shekara tara. Ya yi shekaru yana kaɗa wa 'yan sanda badujala kafin ya yi ritaya. Ya ce, "Ɗana, har yanzu kana can kana wahalar da 'ya'yan mutane?" Na ce, "Kawu, su ke wahalar da ni." Na ba shi labarin aikin, na ce jibi za mu fita fili. Ya ce to in lura, a fareti in layi ya yi tsawo, 'yan baya kullum a makare ƙafarsu ke sauka, kuma ba lalaci ba ne, gangar ce ba ta isa kunnensu da wuri. Na ce na sani, Kawu. Na sani ɗin kuwa, a littafi.

14 Yuni 2025

Kwana shida da tarewa gaba ɗaya. Tashi bakwai na safe, kwanciya sha ɗaya na dare, atisaye kashi uku a yini. Yau muka fara ɗora kiɗa a kan tafiya.

Duk abin da muka gina tun Disamba ya zube.

Ba ƙari nake yi ba. Yaron da ke fitar da rol kamar yagar sabon yadi in yana tsaye, da aka ce ya yi shi yana tafiya a kaikaice, ƙafa na haye ƙafa irin tafiyar ƙaguwa, gangar na rawa a cikinsa, sai hannun ya koma na wani. Taku na asali inci ashirin da biyu da rabi ne, taku takwas a yadi biyar. Amma mai zana tafiyar ya ba su wurare da sai sun buɗe ƙafa, taku shida ko biyar a yadi biyar, a gudun 180, kuma daidai kan rubutuna. Kowane yaro na da ɗan littafi a rataye a wuya mai ɗauke da inda zai tsaya a kowane shafi na zanen. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke riƙe da wancan, da ƙirga, da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi. Da ta cika, hannu ake fara sakewa.

Ban ce komai ba a taron dare.

18 Yuni 2025

Yau ce ranar da nake ganin za ta fi kowace muhimmanci a littafin nan, don haka zan daɗe a kanta.

Da yamma aka haɗa kowa da kowa. Oga na can saman hasumiyar ƙarfe da lasifika, ni ina cikin fili bayan masu tsarkiya, riƙe da Dr. Beat, na'urar da ke ƙirga bugu, an jona ta da ƙaramar lasifika. A farkon kashi na biyu masu ɗauka suna can ƙuryar baya ta fili, 'yan rami na gaba, masu busa a warwatse tsakani. Daga inda nake, yarana suna kan na'ura daram. Daga sama Oga na ta ihu cewa mun makara. Muka maimaita sau tara. Har raina ya fara ɓaci, na ce a rediyon hannu, "Suna kan bugu, ina tsaye a kansu." Ya ce, "Hawo nan."

Na hau. Aka sake kaɗawa. Wallahi abin da na ji daga sama kamar ƙungiya biyu ce aka haɗa a fili ɗaya suna rigima: marimba ta faɗi magana, ganguna su maimaita ta a baya.

Lissafin ba wuya. Faɗin filin daga gaba zuwa baya ƙafa 160 ne, kusan mita 49. Sauti na tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa. Ke nan daga layin baya zuwa na gaba yana cin kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa. A gudun 180, bugu ɗaya sulusin daƙiƙa ne. Wato sautin mai ganga da ke can baya yana isa bakin fili a makare da abin da ya kusa rabin bugu, ko da shi bai yi kuskuren komai ba. Haske kuwa ba ya jira: madugu da ke tsaye a kan dandamali yana ba da hannu, na gaba da na baya lokaci ɗaya suke ganinsa. In 'yan rami suka bi hannun madugu, masu ganga a baya ma suka bi hannun madugu, kowa ya yi daidai a wurinsa, amma ɗan kallo da alƙali gardama za su ji.

Dokar da kowa ya haddace ita ce: na gaba ya saurari na baya, na baya kada ya saurari na gaba. 'Yan rami su kawar da ido daga madugu, su jira sautin ganguna ya iso su, su hau kansa. Madugu ya kalli ƙafar mai tsarkiya na tsakiya. Mai tsarkiya na tsakiya ya riƙe gudu a cikinsa, sauran shida su jingina da shi. Kowa ya san wannan da baki. Da na sauko na tambayi 'yan rami ɗaya bayan ɗaya, "Wa kike saurare a ma'auni na goma sha biyu? Kai fa?" Amsa huɗu daban na samu. Biyu na kallon madugu, ɗaya na bin mai timfani, wasu na bin ganguna, ɗaya kuma ta ce gaskiya ita na'urar take ji daga nesa.

Matsalar ta biyu ta fi wannan muni. Tun 2004 aka yarda a sa wa 'yan rami lasifika, kayan lantarki kuma tun 2009. Lasifikan na fuskantar 'yan kallo, amma sautin na dukan benaye ya dawo cikin fili a makare. Yaran baya suna jin wannan amsa-kuwwa, kunnensu ya ja hannunsu zuwa gare ta ba da saninsu ba, su ɗan ja baya. 'Yan rami su ji sun ja baya, su ma su jira. Kafin a yi ma'auni ashirin, gudun ya zame ƙasa, masu busa na ta haƙi suna riƙe dogon sauti. Da na'ura a kunne ba ka ganin wannan ciwon, don ita ke riƙe da kowa. Ranar gasa kuma babu na'ura.

Na tuna maganar Kawu. Na kuma tuna cewa wata shida na yi ina gina hannu, ban taɓa zama da malamar 'yan rami mun buɗe takarda mun ce daga nan zuwa nan wane ne ke riƙe da lokaci ba. A ɗaki daban muke atisaye tun Disamba. Ko abinci ba tebur ɗaya muke ci ba.

21 Yuni 2025

Dare biyu muka yi ni da malamar 'yan rami da zanen tafiya a gabanmu. Kowane shafi muka rubuta: masu ɗauka na ina, nisansu nawa daga gaba, wa ke bin wa. Mun sami wurare huɗu da masu ɗauka ba sa kaɗa komai, inda dole 'yan rami su koma kan hannun madugu, da wuri ɗaya da ganguna ke gefe can kusa da ƙarshen fili, inda nisan na kaikaice ne. An buga wa kowa kwafi. An kuma rage ƙarar lasifika, wanda bai yi wa mai kula da sauti daɗi ba.

Sabuwar ƙa'ida: na'ura ta ba da bugu takwas na shiga, a kashe ta, a sake kunna ta a ƙarshe a ga inda muka faɗa. Karon farko mun sauka da bugu ɗaya da rabi a baya.

29 Yuni 2025

Gasar farko, daren jiya, a wani ƙaramin gari. Na uku cikin huɗu a kiɗa.

Alƙalin kiɗa yana magana cikin na'urar ɗaukar murya tun daga farko har ƙarshe, bayan an tashi a turo mana. Tun 2019 aka hana alƙalai kutsawa tsakiyar fili saboda haɗarin karo da masu gudu, sai dai su tsaya ta gaba. Wannan ya canza abubuwa fiye da yadda ake zato: da alƙali kan bi masu tsarkiya har inda suke ya ji hannunsu, yanzu abin da ya iso gaba shi yake ji, ganguna da rami a haɗe. A cikin mota muka saurara, ni da Oga, kunne ɗaya-ɗaya. Ya yaba haɗuwar gaba da baya a kashi na biyu. Da aka zo kan rubutuna sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce yana jin akwai tunani a wurin amma ba ya iya karanta shi.

A takarda, makin rubutu da makin kaɗawa duk sun yi ƙasa tare. Lissafina na Fabrairu ke nan ya rushe: gida biyun ba a rabe suke ba. Abin da alƙali bai ji sarai ba, ba zai biya ka wuyarsa ba.

5 Yuli 2025

Zafi. Fata na sakewa da rana, ta ɗaure da dare, kullum sai an bi ganguna da makulli. Tsarkiyar ganga ta uku ta tsinke, muka ɗauko ta tsohuwa. Mai bas na biyar, yarinya ce 'yar shekara sha bakwai da ke ɗauke da gangar da ta kusa rufe ta, kafaɗarta ta kumbura. An ba ta hutun kwana biyu.

12 Yuli 2025

Oga ya kira ni bayan motar abinci ya ce lokaci ya yi. Ya ce zai iya yi da kansa, amma ya fi so ni in yi.

Na zauna da fensir a kan ma'auni goma sha shidan nan. Na cire filam daga kan faradidil a duk inda ƙafa ke buɗewa. Rabon biyar ya koma huɗu. Rol ɗin da ke ratsa layi na datse shi ya ƙare a kan bugu, don yara su sami wurin da za su haɗu. Na bar wa masu bas gangarowarsu, ita kaɗai ce ke fita tun asali. Kusan sulusin abin da na rubuta ya tafi.

Yaran ba su ji daɗi ba, musamman mai tsarkiya na tsakiya. Ya ce mini kai tsaye ana kallon bidiyonsu a intanet, kuma masu tantancewa a manyan ƙungiyoyi na gani. In rubutun ya zama na yara, wa zai ɗauke shi? A nan na ga wani abin da ban lissafa ba. Kafin kowace gasa masu ɗauka kan yi ɗumi a filin ajiye motoci, mutane su kewaye su da wayoyi. A tsaye ake yi, ba gudu, ba nisa. Bidiyon wurin ne ke yawo, shi ke sa a san makaɗi. Ni ma, in zan faɗi gaskiya, don wancan da'irar na yi rubutuna, ba don fili ba. Ban gaya masa haka ba. Na ce ya ba ni mako ɗaya.

13 Yuli 2025

A doguwar tafiyar dare Oga ya ba ni labarin da na riga na sani, amma na bar shi ya faɗa. A 2010 Phantom Regiment ta garin Rockford ta zo ta shida a gasar ƙarshe, amma ita ta ɗauki kofin Fred Sanford, wanda ake ba sashen kiɗa mafi kyau. Paul Rennick ne ke jagorantar sashen. Shekarar da ta biyo ya koma Santa Clara Vanguard ta Kalifoniya, kuma can ma sai da aka yi 'yan shekaru kafin kofin ya zo a 2014, sannan sau huɗu a jere daga 2016 zuwa 2019. Abin da Oga ke nufi: malamai ɗaya, salon hannu ɗaya, shekara bayan shekara, har yaro ya zo tantancewa ya riga ya san yadda ake riƙe sanda a gidan. Mu kuwa shi ne shugaban sashe na uku cikin shekara biyar, kowanne da nasa riƙon, kowanne ya fara daga takwas-takwas.

Na tambaye shi ko zai dawo baɗi. Ya ce in tambaye shi a Agusta.

20 Yuli 2025

Gasa biyu a makon nan. A ta biyu mun zo na biyu a kiɗa, ratar da ke tsakaninmu da na ɗaya ba ta kai maki guda ba cikin ashirin. A jimillar maki ɗari, rabin makin kiɗa ne ke shiga, don haka ba wani tsalle ƙungiyar ta yi ba, amma masu busa sun daina kallonmu a layin abinci irin kallon da.

Alƙalin jiya, wani ne daban, da ya zo kan wurin da na datse sai ya ce yana son yadda aka bar sarari masu bas suka fito. Makin rubutu ya hau, bayan na cire sulusin rubutun. Na saurari wurin sau uku. Na tsakiya ma na ba shi ya ji. Ya miƙo mini wayar ya ce a mayar masa da filam ɗaya tak, na ma'aunin ƙarshe, inda suke tsaye cak. Na ce in sun fitar da shi sau goma a jere gobe, ya samu.

26 Yuli 2025

Sun fitar sau takwas, na tara ya yi gardama. Filam bai dawo ba tukuna.

Saura kwana tara mu isa Marion ta jihar Indiyana, inda rukuninmu ke kammala tasa gasar, daga nan waɗanda suka cancanta su wuce Indiyanafolis, inda za a rufe ranar 9 ga Agusta. Filin Indiyanafolis rufaffe ne, kuma duk wanda ya taɓa kaɗawa a ciki ya ce amsa-kuwwarsa ta fi ta kowane fili ruɗa kunne. Ba mu da wurin da za mu gwada irin wannan. Abin da muka yi jiya, mun juya fili, muka sa yara suka fuskanci bangon bulo na makarantar da muke kwana, lasifika na dukansa yana dawowa. Gudu ya zame a kashi na biyu, a daidai wurin da ya saba.

Abin da ya rage a takardata: shigar kashi na huɗu, inda masu tena ke baya da kowa kuma ba sa ganin madugu sai ta tsakanin tutoci, hannun hagun mai tsarkiya na bakwai, da ke tashi inci biyar a wurin uku in ya gaji, da kafaɗar mai bas na biyar, wadda ta ce ta warke amma na ga yadda take sauke ganga. Gobe ƙarfe takwas, ni da malamar 'yan rami da madugu, shafi na 41 zuwa 47, ba na'ura.